Amfilifayar Henry C100D10R a Bayan Rifita: Ta Cancanci Kuɗinta, Amma Ba Don Nisan Zango Ba

Duk wanda ya taɓa kula da rifita ta masu sha'awar rediyo, wato na'urar nan da ake ɗorawa a wuri mai tudu domin ta karɓi muryar ƙaramar oba-oba a kan wata mita, ta kuma sake watsa ta nan take a kan wata mitar da ƙarfin da ya fi na farko, ya san cewa ranar da jama'a suka fara jin daɗinta ita ce ranar da za su fara kiran a ƙara mata ƙarfi. Mu ma haka ta kasance da mu. Rifitarmu Yaesu DR-2X ce, tana aiki a zangon santimita 70, an kuma girke ta a wani ƙaramin ɗaki da ke saman dogon bene, kuma ba ta daɗe da fara aiki ba sai abokai da ke bayan gari suka fara cewa muryarta tana isa gare su da ƙyar. Bayan doguwar shawara muka haɗa kuɗi muka sayo amfilifayar Henry C100D10R, wato na'urar ƙara ƙarfin watsawa, wadda aka ƙera domin ta karɓi wat 10 ta fitar da wat 100, kuma yanzu ta ga bazara, ta ga damina, ta ga hunturu a hannunmu. Hukuncina a kanta shi ne cewa kaya ce mai nagarta wadda ta cancanci kuɗinta, amma alherinta na gaskiya yana wurin juriya ne, ba wurin nisan zango ba, kuma wanda ya saye ta da tunanin cewa ya gama kashe kuɗi zai tarar da cewa tsugune ba ta ƙare ba.

Kamfanin Henry Radio yana birnin Los Anjalis na ƙasar Amurka, kuma tsohon hannu ne a wannan sana'a, domin sunansa ya daɗe da kafuwa a tsakanin masu sha'awar rediyo ta dalilin manyan amfilifayoyinsa na gajeren zango irin su 2K da 3K. Wadda muke magana a kanta ba ta cikin wancan jinsi. Tana aiki da tiransisto ne, tana shan wutar batir mai bolt 13.8, an kuma yi mata fuska mai faɗin inci 19 domin ta zauna a cikin kantar jera na'urori ɗaya da rifitar. Lambar da ke jikinta ma tana faɗin komai ga wanda ya iya karanta ta: 100 shi ne ƙarfin da take fitarwa, 10 shi ne ƙarfin da take so a ba ta, kuma tana da 'yar'uwa mai lamba C100D30R wadda ke karɓar wat 30. Idan ka ɗaga ta, abin da za ka fara ji shi ne nauyin ƙarfen alminiyam mai haƙora da ke zuƙe zafi, kuma a ganina wannan ƙarfen shi ne rabin abin da mutum yake biya.

Dalilin da ya sa nake ba wa wannan ƙarfe muhimmanci haka shi ne bambancin da ke tsakanin aikin rifita da aikin rediyon mota. Mai rediyo a mota yana magana na ɗan lokaci, ya saki maɓalli ya saurara, na'urarsa ta huce kafin ya sake magana. Rifita ba ta da wannan hutu, domin idan mutum biyar suna hira ta cikinta, kowannensu yana hutawa ne a lokacin da wani yake magana, ita kuwa tana watsa muryar kowa da kowa ba tare da tsayawa ba, sau da yawa har tsawon awa ɗaya ko fiye idan ana zaman mako-mako. Ƙananan amfilifayoyin da ake sayarwa domin mota, waɗanda suka fi araha nesa ba kusa ba, an yi su ne bisa lissafin cewa za su riƙa samun hutu, kuma a cikinsu akwai rile da ke juya eriya tsakanin magana da sauraro, wani lokaci har da ƙaramar na'urar ƙara ƙarfin ji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da rifita take bukata, tunda hanyar maganarta daban ce da hanyar jinta, kuma rilen da ke buɗewa yana rufewa sau ɗaruruwa a rana ba ya ƙara komai sai wurin da zai iya lalacewa. Ita wannan ta Henry an gina ta ne domin watsawa ba yankewa, kuma a wannan fanni ba mu taɓa samun abin kuka da ita ba. Ko a watan Afrilu, lokacin da zafin waje yake haura digiri 40 kuma ɗakin da take ciki ya fi haka zafi saboda rufin kwano, allurar ma'auninmu tana tsayawa kusan inda ta fara daga farkon hira har ƙarshenta.

Matsala ta farko da mai irin rifitarmu zai ci karo da ita ta lissafi ce, kuma ya kamata ya warware ta tun kafin ya biya kuɗi. DR-2X tana da matakan ƙarfi uku ne kawai, wat 5 da wat 20 da wat 50, alhali amfilifayar tana neman wat 10, wanda ba ya cikin ukun. Idan aka ba ta 20 kai tsaye an ninka abin da take so, kuma tiransistocin shigarta ba za su daɗe suna haƙuri da hakan ba. Idan kuwa aka ba ta 50, to ɓarnar tana iya faruwa kafin mutum ya kai hannunsa ga maɓallin kashewa. Saboda haka hanya biyu ce ta rage. Ta farko ita ce a bar rifitar a kan wat 20, a sa na'urar rage ƙarfi mai desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina) a tsakaninsu, wadda za ta shanye rabi ta mayar da shi zafi, ta miƙa wat 10 cif ga amfilifayar. Sharaɗin kawai shi ne na'urar ta kasance mai iya ɗaukar aƙalla wat 50, domin ƙananan da ake amfani da su a teburin gwaji ƙonewa za su yi. Ta biyu ita ce a ba ta wat 5 kai tsaye, a yarda da abin da ta fitar. Mun gwada duka biyun. Da wat 5, abin da muka gani a ma'auni ya kai kimanin kashi biyu cikin uku na cikakken ƙarfinta, kuma tazarar da ke tsakanin wannan da wat 100 ba ta kai desibel 2 ba, wadda babu kunnen da ya iya bambance ta a cikin dukkan waɗanda muka tambaya. A kan haka muka tsaya, domin ta wannan hanya rifitar tana aiki a matakinta mafi sanyi, amfilifayar ma ba ta kai maƙurar ƙarfinta, kuma wutar da muke ci ta ragu.

Sai dai wannan zaɓi yana da haɗarinsa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Matakin ƙarfin rifitar abu ne da ake canzawa da yatsa a kan allonta, kuma duk abin da yatsa zai iya saitawa, yatsa zai iya ɓatawa, ko dai a hannun wani ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya da ya hau gyara wani abu daban, ko kuma bayan an sabunta manhajar na'urar an manta ba a duba saitin ba. Mun rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe mun manna a fuskar kantar, kuma dokarmu ita ce duk wanda zai taɓa saitin rifitar sai ya fara cire wutar amfilifayar ya kuma cire kebul ɗin da ke shiga cikinta. Da a ce yau ne zan sake saye domin wannan rifita, musamman a wurin da hannuwa da yawa ke shiga, da mai karɓar wat 30 zan ɗauka, in ba ta wat 20 kai tsaye, domin ita kuskuren wat 50 bai kai ninki biyu na abin da take so ba, alhali a tamu ninki biyar ne. Wannan ba aibin kayan ba ne, batu ne na dacewar samfuri da rifitar da mutum yake da ita.

Akwai wani abu kuma da ya wajaba a faɗa wa mai sayarwa tun a lokacin oda. A Amurka yawancin rifitocin wannan zango suna tsakanin megahaz 440 da 450, mu kuwa a Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka muna cikin Yanki na 1 na rabon da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta yi, tare da Turai, inda zangon masu sha'awa yake tsakanin megahaz 430 da 440. Amfilifayar da aka daidaita domin saman zango ba lallai ba ne ta ba da cikakken ƙarfinta a ƙasansa, saboda haka a rubuta ainihin mitar da rifitar ke watsawa a kanta a cikin takardar oda. Haka nan a duba iyakar ƙarfin da lasisin tashar ya yarda da shi kafin a ɗora wat 100 a kan iska.

Haɗin kansa ba shi da wuyar fahimta, amma tsarinsa ba ya karɓar sauyi. Daga kafar watsawa ta rifitar kebul zai tafi zuwa mashigar amfilifayar, daga mafitarta ya shiga aisoleta (na'urar da ke kare amfilifayar daga ƙarfin da ya juyo baya), daga aisoleta ya shiga matatar da ke tare manyan mitoci, daga nan kuma ya shiga kafar watsawa ta dufleksa, wato matatar da ke haɗa hanyar magana da ta sauraro a kan eriya guda. Kafar sauraro ta rifitar tana tafiya kai tsaye zuwa kafar sauraro ta dufleksa, ba ruwanta da amfilifayar ko kaɗan. Na nanata wannan ne domin na taɓa jin mai tunanin ya sa amfilifayar tsakanin dufleksa da eriya, kamar yadda ake yi a mota, wanda kuma idan aka yi shi a rifita, hanyar ji ta toshe ke nan baki ɗaya a duk lokacin da ake watsawa, wato a daidai lokacin da ake bukatarta. Ba mu ja wata waya ta musamman domin tayar da amfilifayar ba. Da zarar ƙarfin rifitar ya shigo sai ta kama aiki, idan ya ɗauke ta tsaya, kuma tana yin haka daidai ko da muryar FM ce ta gargajiya ko kuma ta dijital samfurin C4FM, tunda dukkansu biyu ƙarfin siginarsu ba ya hawa da sauka. Wanda yake tunanin ya ari irin wannan amfilifaya domin SSB, wato salon aika murya da ƙarfin siginarsa ke hawa da sauka, to ba aikinta ba ne.

Aisoleta da matatar da ke bayanta daban ake sayensu, kuma na san da yawa suna tsallake su domin rage kuɗi, amma ban goyi bayan hakan ba. Aikin aisoleta shi ne ta bar ƙarfi ya wuce zuwa eriya, amma duk abin da ya juyo baya ta karkatar da shi zuwa wani ƙaramin mashayi mai om 50 da ke gefenta, inda zai zama zafi maimakon ya koma kan tiransistoci. Ranar da iskar farkon damina ta karya eriya, ko ruwa ya shiga kan kebul, babu kowa a saman bene da zai lura, rifitar kuma za ta ci gaba da watsawa a cikin layin da ya lalace, kuma a wannan rana aisoleta ce kaɗai ke tsaye tsakanin amfilifayar da mai gyara. Tana kuma hana siginar wasu tashoshi da ke maƙwabtaka shigowa ta eriya su cakuɗe da tamu a cikin amfilifayar su haifar da hayaniya a mitocin da ba namu ba. Amma ita kanta aisoleta tana iya haifar da sigina a ninkin mitar da ake watsawa, kuma ninki biyu na megahaz 439 shi ne 878, wanda yake dab da zangon wayoyin salula. Wannan ne ya sa matatar take zuwa a bayanta, ba a gabanta ba, musamman ga wanda eriyarsa take bene ɗaya da turken kamfanin waya.

Inda muka sha wahala ta gaske shi ne wurin dufleksa, kuma a nan ne nake so mai karatu ya fi natsuwa. Dufleksa ita ce matatar da ke ba rifita damar yin magana da sauraro a lokaci ɗaya ta eriya guda, kuma girman aikin da ke kanta sai an sa shi a lissafi ake gane shi. Siginar da kunnen rifita mai kyau zai iya tsinta ba ta wuce kimanin maikurobolt 0.2 ba, alhali a ɗaya ɓangaren ana tura wat 100 a cikin kebul ɗin da wannan 'yar siginar take bi, kuma tazarar ƙarfi da ke tsakanin su biyun ta kai kimanin desibel 170. Dufleksa mai kyau tana ɗauke desibel 80 zuwa 100 daga cikin wannan nauyi, sauran kuma matatun cikin rifitar su ƙarasa. Ma'anar wannan ita ce duk desibel ɗin da aka ƙara a baki, an ƙara shi ne a kan abin da kunne zai jure. Dufleksarmu ta farko ƙarama ce shimfiɗaɗɗiya, irin wadda ake yi domin mota, mun saye ta da araha daga wani ɗan kasuwa a intanet, kuma irinta ba su cika wuce wat 50 ba. A kan wat 20 ba ta taɓa ba mu matsala ba. Da muka haɗa amfilifayar, a ranar farko abokai na nesa suka yi ta murna cewa suna jin mu tangaran, amma kafin mako ya zagayo sai koke ya sauya: suna jin rifitar sarai, ita ce ba ta jin su. Mai oba-oba zai danna, rifitar ta buɗe, da zarar ta fara watsawa sai muryarsa ta nutse a cikin shuu, ta rufe, ta sake buɗewa, haka dai a yanke a yanke. Mun ƙara wa bakinta ƙarfi, mun kuma kurumtar da ita da muryar kanta.

Gwajin da ke tona wannan cuta ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. A sami wani ya yi magana daga nesa da sigina mai rauni wadda ake ji da ɗan shuu a cikinta, mai kula da rifitar yana sauraro daga lasifikarta, sannan ya riƙa kunna ɓangaren watsawa yana kashewa. Idan shuu ɗin yana ƙaruwa duk lokacin da aka kunna, to rifitar tana toshe kunnenta da kanta. Haka muka yi, kuma bambancin ya fito fili har ba ya bukatar gardama. Sai da muka sayi dufleksa mai manyan gwangwanaye wadda aka ƙera domin tashar dindindin, aka daidaita ta a kan mitocinmu biyu da na'urar awo, sannan matsalar ta kau. Ga wanda yake amfani da tazarar megahaz 7.6 tsakanin ji da magana, aikin ya fi sauƙi. Mai tazarar megahaz 1.6 kuwa, wadda ita ma ana amfani da ita a yankinmu, kada ma ya yi tunanin ƙaramar dufleksar mota. A kuma tuna cewa dufleksa tana cin nata rabon: idan asararta desibel 1.5 ce, daga wat 100 abin da zai fita bai wuce 71 ba, sauran kusan 29 suna zama zafi a cikin gwangwanayen, kuma ƙarfen da ya yi zafi yana buɗewa, daidaiton da aka yi masa ya goce.

Gajerun kebul ɗin da ke haɗa waɗannan na'urori su ma sun koya mana darasi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kebul mai rufin saƙa ɗaya, irin RG-58 ko RG-213, yana yoyon sigina daidai gwargwadon da zai isa ya tsallaka daga layin magana zuwa layin ji idan suna kusa da juna. Mun maye su duka da masu rufi biyu da aka shafe da azurfa, RG-214 a ɓangaren ƙarfi da RG-400 a ɓangaren ji, da kawuna samfurin N, ba tare da ko adafta ɗaya ba, muka kuma raba hanyoyinsu a bayan kantar, na magana ta dama, na ji ta hagu. Masu gina rifita sun daɗe suna gargaɗi game da kebul mai rufin takardar alminiyam da saƙar tagulla a kanta, domin ƙarafan biyu idan suka tsufa suna gogar juna suna haifar da ƙara a lokacin watsawa, kuma wannan ƙara tana ƙaruwa ne tare da ƙarfin da ake turawa.

Batun wuta shi ne na gaba, kuma a ƙasashenmu ba ƙaramin batu ba ne. Amfilifaya mai wat 100 a wannan zango tana jan abin da ya kai amfiya 15 zuwa 20 idan tana cikakken aiki, saboda haka na'urar ba da wuta da ke cikin rifitar ba za ta ɗauke ta ba, dole a nemo mata tata daban, mai iya ba da amfiya 30 ba yankewa. Kaurin waya ma yana da lissafinsa. Idan nisan mita 3 ne, wato mita 6 zuwa da dawowa, wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 za ta cinye fiye da bolt 0.8 a kan amfiya 20, alhali mai murabba'in milimita 10 ba za ta ci fiye da kimanin 0.2 ba, kuma wannan bambanci yana bayyana kai tsaye a ƙarfin da ke fita. Fiyus ya zauna kusa da tushen wutar, ba kusa da amfilifayar ba, domin wayar ce ake karewa daga gobara. Ga mai dogaro da sola da batir kamar mu, ga yadda lissafin yake: amfilifayar da ke cin kimanin wat 250, idan ta yi awa 4 tana watsawa a rana, ta cinye kilowat-awa 1 ke nan, alhali batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200, idan ana so ya yi tsawon rai, abin da za a iya ɗiba daga cikinsa bai wuce kilowat-awa 1.2 ba. Wannan lissafi yana daga cikin abin da ya sa muka gamsu da wat 5 a mashiga, ya kuma sa muka bar agogon yanke doguwar magana a kan minti 3. Dukkan na'urorin, har da mai kare layin eriya daga tsawa, mun ɗaure su a farantin tagulla guda wanda ke da hanya ɗaya zuwa ƙasa.

Zafin da ba ya fita ta eriya kuwa a ɗakin yake zama, kuma a cikakken ƙarfi ya kai na wat 100 ko fiye. Mun bar sarari a sama da ƙasan amfilifayar a cikin kantar, muka kuma huda bango muka sa fanka mai fitar da iska. Abokin gabarta na gaskiya a wurinmu shi ne ƙurar hunturu, wadda ke shiga tsakanin haƙoran alminiyam ta kwanta kamar auduga, kuma idan aka bar ta har bazara ta shigo, ƙarfen ba zai iya sakin zafinsa ba a daidai lokacin da aka fi bukata. Tsakanin Disamba da Fabrairu muna hawa duk mako biyu da buroshi mai laushi da abin hura iska. Ma'aunin da muke dogaro da shi a duk waɗannan gwaje-gwaje shi ne Bird 43, kuma yana da kyau a tuna cewa kuskurensa yana iya kaiwa kashi 5 cikin 100 na cikakken ma'aunin ƙwayar awo da aka sa masa, wadda ake canzawa bisa girman ƙarfin da za a auna, saboda haka wat 5 da ƙaramar ƙwaya ake auna shi, ba da wadda ake auna wat 100 ba.

Saura tambayar da ta sa muka sayi amfilifayar tun farko, wato ko ta ƙara mana nisa. Ta ƙara, amma a gefe ɗaya kawai. Daga wat 20 zuwa wat 100 ƙarin desibel 7 ne, ɗan abin da ya haura ɗigo ɗaya a ma'aunin ƙarfin sigina na rediyo, daga wat 50 zuwa 100 kuwa desibel 3 ne kacal. Wannan ya isa ya share shuu daga muryar rifitar a cikin gidaje masu kaurin bango da kuma motocin da ke gefen gari, kuma hakan ya faru. Amma mai oba-oba da ke can yana nan da wat 5 ɗinsa da guntuwar eriyarsa ta roba, kuma amfilifayar ba ta ƙara masa komai a hanyar dawowa ba. Zangon rifita yana ƙarewa ne a inda ta daina jin mutane, ko da muryarta tana wuce nan da kilomita goma. Abin da ya faɗaɗa mana zango ta ɓangarorin biyu shi ne babban kebul ɗin da ke hawa zuwa eriya. Muna da tsawon mita 30 na RG-213, wanda a wannan zango yake cinye kusan desibel 5, muka maye shi da Heliax mai kaurin rabin inci, samfurin LDF4-50A, wanda asararsa a wannan tsawo ba ta kai desibel 1.5 ba. Ribar ta haura desibel 3 a wurin magana, daidai da ninka ƙarfin watsawa, ta kuma haura desibel 3 a wurin ji, wanda babu amfilifayar da za ta iya bayarwa, kuma ba ta cin ko amfiya ɗaya daga batir. Tsayin eriya ma haka yake: a fili marar duwatsu, eriyar da ke mita 30 daga ƙasa tana hangen kimanin kilomita 22, wadda ke mita 60 kuma kimanin 32.

Saboda haka ga wanda zan ba shawarar ya saye ta. Ƙungiyar da rifitarta take yawan aiki, wadda ta riga ta mallaki dufleksa mai ɗaukar wat 100 ko fiye, da kebul mai kyau, da eriya a wuri mai tsayi, da wutar da za ta ciyar da amfiya 20, kuma ta tabbatar ta hanyar gwaji cewa rifitarta tana jin mutanen da su ba sa jin ta, wannan ƙungiya za ta ji daɗin C100D10R, ko kuma 'yar'uwarta mai karɓar wat 30 idan rifitarta irin tamu ce. Za ta samu na'urar da ke ɗauke nauyin zafi daga kan rifitar da ta fi ta tsada da wuyar gyara, kuma idan wata rana amfilifayar ce ta tsaya, gajeren kebul ɗaya ya isa a tsallake ta a mayar da rifitar kan wat 20 kafin a gyara. Irin wannan kebul yana rataye a jikin kantarmu da alama a kansa. Wanda kuwa har yanzu yake kan ƙaramar dufleksar mota da RG-213, kuɗin amfilifayar da na dakonta daga Amurka da na kwastan, idan ya zuba su a kan dufleksa da Heliax da ƙarin tsayin turke, zai ji mutanen da bai taɓa ji ba, kuma daga baya idan ya sayo amfilifayar zai tarar da wurin zamanta a shirye.